Idan Cikin Na'urar Gem Ya Cika

Ranar da ƙanina ya kwance kwalin PS5 ɗinsa, abin da ya fara nuna mini shi ne lambar da aka rubuta a jiki: 825GB. "Yaya, wannan ai sai na gaji da zuba gem," in ji shi. Ba a rufa wata biyu ba ya kira ni da daddare, wai na'urar ta ƙi karɓar sabuntawar gem ɗin ƙwallo, tana ce masa babu wuri. Gem takwas ne kacal a ciki. Da na je na same shi zaune da hannun gem a cinya, yana hawa yana sauka a jerin sunayen, ya rasa wanda zai goge. Duk wanda ya tsaya a kai, sai ya tuna daren da ya kwana yana gadin sa har ya gama sauka, da kuɗin datar da ya tafi a kai.

Wannan zaman nasa ne ya sa nake ganin shawarar da ake yawan bayarwa a ƙasashen waje ba tamu ba ce. A Amurka ko Ingila, inda intanet ke shigowa gida ta waya kuma yawanci ba a ƙirga wa mutum gigabait, sai a ce maka ka goge kawai, in ka so shi gobe ka sake saukewa. Mu kuwa mu yi lissafi. Gem mai nauyin 100GB, a kan intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, yana cin sama da awa 22 kafin ya sauka, in ba a ɗauke wuta ba, in sabis bai yanke ba. Gem ɗin nan dai, in yana ajiye a faifan waje da ake jonawa ta USB, kwafe shi zuwa cikin na'ura bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba, kuma ko sisi ba za ka kashe ba. Ga shi a farkon 2025 hukumar NCC mai kula da sadarwa a Najeriya ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka a wajenmu faifan ajiya wuri ne da kake killace datar da ka riga ka biya kuɗinta, kuma da wannan idon ya kamata a zaɓe shi.

Mu fara da lambar jikin kwali, domin ba ita ce za ka samu ba. PS5 ta farko, wadda ta fito a Nuwamba 2020, an rubuta mata 825GB, amma abin da ke rage wa mai ita bayan manhajar na'urar ta ɗebi rabonta kusan 667GB ne. PS4 mai 500GB tana barin wajen 408GB. Xbox Series X mai 1TB tana barin kusan 802GB. Wadda abin ya fi ƙamari a kanta ita ce ƙaramar Xbox Series S mai 512GB, inda 364GB kawai ke rage maka, ga shi ba ta da wurin sa faifai kwata-kwata, komai sai an sauke shi daga intanet. Akwai kuma wani giɓi da ke rikita mutane har su zaci an cuce su: masu ƙera faifai suna ƙirga gigabait da dubu-dubu, kwamfuta mai Windows kuma tana ƙirgawa da 1,024. Shi ya sa faifan 1TB sabo fil zai nuna maka 931GB in ka jona shi da kwamfuta. Ba wanda ya sace komai, mudun ne ya bambanta.

Waɗanda suka yi zamanin PS2 za su tuna ɗan katin memori mai 8MB, wanda ke ɗaukar ajiyar wasanni da yawa ba tare da ya koka ba. A lokacin gem yana kan faifansa ne, daga nan na'ura ke karanta shi, katin kuwa inda ka tsaya kawai yake riƙewa. Daga PS4 da Xbox One, a 2013, tsarin ya sauya gaba ɗaya: ko ka sayi gem a faifai, sai na'urar ta kwafe shi cikinta kafin ya yi aiki, faifan ya koma kamar mabuɗi da ake sawa don a tabbatar naka ne. Mutane da yawa har yau suna sayen na'ura mai cin faifai da tunanin za ta rage musu cikar wuri. Ba ta ragewa. Abin da take ragewa data ne, wanda a nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni dalilin da ya sa nake fifita mai cin faifai ke nan ko da ta ɗan fi tsada. Nauyin wasannin kuma ya yi ta hauhawa. Red Dead Redemption 2 ya zo a faifai biyu a kan PS4 a 2018, yana neman wurin da ya kai kusan 100GB. A 2020 Call of Duty: Modern Warfare haɗe da Warzone ya haura 200GB a kwamfuta. Sannan ga sabuntawa da ba ta ƙarewa. PS4 tana da wata ɗabi'a mai ban haushi a nan: sabuntawar da ba ta fi 'yan gigabait ba tana iya neman fili mai yawa, domin na'urar takan sake kwafe fayilolin gem ɗin ne yayin da take liƙa sabon a ciki. Wanda ya cika faifansa maƙil zai ga sauran 20GB a rubuce amma a ce masa wuri bai isa ba.

Kafin a kai ga me za a saya, sai an fahimci bambancin faifan nan iri biyu, domin a nan kuɗin mutane ke salwanta. Tsohon irin, wanda 'yan kasuwa ke kira had, farantai ne ke juyawa a ciki, sau 5,400 a minti ɗaya a irin wanda ke cikin PS4, da wani ɗan hannu siriri da ke yawo a kansu yana neman inda aka rubuta abu. Wannan yawon neman shi ne jinkirin. Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PS4 da PS5, ya taɓa bayyana cewa a gem ɗin Spider-Man na PS4 akwai bayanan da aka maimaita rubuta su har sau 400 a kan faifan, don kawai ɗan hannun nan ya tarar da su kusa a duk unguwar da ɗan wasa ya shiga. SSD kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa, ƙwayoyin lantarki ne zalla, ko'ina aka nema nan take ake samu. Had na yau da kullum yana karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa. SSD ɗin cikin PS5 yana karanta 5,500. An gina wasannin PS5 ne a kan wannan gudun, ta yadda gari zai riƙa shigowa yayin da kake juya kai. Shi ya sa Sony ta hana a buga gem ɗin PS5 kai tsaye daga faifan USB, Microsoft ma ta yi haka ga wasannin da aka tsara musamman don Series X da S.

Sai dai hanin bugawa ne, ba na ajiyewa ba, kuma wannan ita ce ƙofar da mutane ba su cika lura da ita ba. Tun sabuntawar Afrilu 2021 PS5 tana barin ka kwashe gem ɗinta zuwa faifan waje, ya zauna can, ranar da ka so shi ka dawo da shi. Manomi ba ya zuba hatsin shekara a tukunya. Rumbu daban, tukunyar da ke kan murhu daban, kuma ba a gina rumbu da kuɗin tukunyar ƙarfe. SSD mai tsada shi ne na abin da kake bugawa a wannan watan. Had mai araha, mai 2TB ko 4TB, shi ne na sauran. Wasannin PS4 ma ba sa buƙatar a dawo da su, daga faifan wajen PS5 ke buga su kai tsaye, haka Xbox ke yi da wasannin Xbox One da na 360. Duk wanda ya bar wasannin PS4 suna cin wuri a cikin SSD ɗin PS5 yana ɓarnatar da fili mafi tsada a gidansa.

Zan daɗe kaɗan a kan PS4, domin ita ce har yanzu ta cika gidajen gem da ɗakunan samari daga Kano zuwa Zariya zuwa Maraɗi, kuma ita ce ta fi sauƙin gyarawa. Sony ta yi ta ne da niyyar mai ita ya canza faifan da kansa. Abin da ke ciki had ne irin na laftof, mai inci 2.5, nau'in SATA, noti ɗaya ke riƙe da tiren da yake ciki, huɗu kuma ke riƙe da shi a jikin tiren. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne kauri: kada ya wuce milimita 9.5. Faifan 1TB da 2TB suna shiga. Masu 4TB da 5TB na wannan girman kaurinsu milimita 15 ne, ba za su shiga ba ko an danna, kuma na ga wanda ya fasa akwatin faifan waje mai 4TB don ya ciro na ciki, ya ƙare da asara biyu.

Canjin kansa ba ya cin rabin awa, amma sabon faifan yana zuwa ne wayam, babu manhajar na'ura a kai. Sai ka tanadi filasha da aka tsara a FAT32 ko exFAT, ka buɗe jaka mai suna PS4, a cikinta wata mai suna UPDATE, duk da manyan baƙaƙe, ka sa fayil ɗin PS4UPDATE.PUP da ka sauko da shi daga shafin PlayStation. A nan ma akwai rami: fayil iri biyu ne a shafin, sunansu ɗaya, ƙarami na sabuntawa da babba na sake girka manhaja daga tushe. Babban ake so. Wanda ya ɗauko ƙaramin zai yi ta ganin saƙon kuskure har ya fara zargin sabon faifan. Bayan nan sai ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa bakwai, ka jona hannun gem da waya, ka zaɓi na bakwai a jerin. Kafin duk wannan, kwashe ajiyar wasanninka zuwa filasha, domin tsohon faifan a kulle yake da sirrin na'urar da ya fito daga ciki, kwamfuta ba za ta karanta maka shi ba.

Shin ya dace a sa wa PS4 SSD? Ana iyawa, irin mai inci 2.5, kuma lokacin jiran lodi yana raguwa sosai a manyan wasanni, musamman a PS4 Pro ta 2016 da ke da hanyar SATA mai sauri. Amma kada wani ya ce maka za ta koma PS5. Hoto ba zai ƙara kyau ba, wasa ba zai ƙara santsi ba. Ni abin da ya fi jan hankalina ga SSD a PS4 shi ne juriya: ba ya tsoron girgiza, kuma na'urar da ake ɗauka a jaka a kan babur daga wannan ɗaki zuwa wancan ta fi buƙatar wannan fiye da sauri. Wanda kuma ba ya son taɓa sukundireba, tun sabuntawa ta 4.50 a Maris 2017 PS4 tana karɓar faifan waje na USB 3.0, daga 250GB har 8TB, ta buga gem daga kansa kai tsaye.

A PS5 ba a cire na ciki, a manne yake da allon na'urar. Ƙari ake yi. Akwai wani ɗan rami a ƙarƙashin murfi da Sony ta buɗe amfani da shi a Satumba 2021, inda ake soke SSD siriri mai kama da cingam ɗin sanda, nau'in M.2. Siffa kaɗai ba ta isa ba, domin irin wannan sandar kala-kala ce a kasuwa kuma duk kamanninsu ɗaya. Dole ya zama NVMe na PCIe ƙarni na huɗu, wanda ake rubuta wa Gen4. Na SATA ko na Gen3, wanda ake yawan cirowa daga tsofaffin laftof, na'urar za ta ƙi shi. Sony ta ba da shawarar gudun karatu 5,500MB a daƙiƙa ko fiye, kuma girman ya fara daga 250GB, iyakar da take 4TB a da aka ɗaga ta zuwa 8TB a 2023. Sannan ana buƙatar ƙarfen sanyaya a jikinsa, wanda duka kaurinsu bai wuce milimita 11.25 ba, don murfin ramin ya rufu. Wasu suna cewa ƙarfen ba dole ba ne. Mai faɗin haka wataƙila a ɗaki mai na'urar sanyaya yake wasa. A watan Afrilu, a ɗakin da rufin kwano ya kwana yana fitar da zafi, SSD da ya yi zafi da kansa yake rage gudu don ya tsira, kuma zafi mai ɗorewa yana rage masa kwana. Ka sayi mai ƙarfen a haɗe, ka huta.

Microsoft ta bi wata hanya da ban yarda da ita ba. Maimakon ta bar mutane su sayi SSD a buɗaɗɗiyar kasuwa, ta yi kati na musamman da ake sokawa a bayan Series X da S. Sokawar ba ta da wahala, ko yaro zai yi. Amma daga 2020 Seagate kaɗai ke yin katin, sai a 2023 Western Digital ta shigo, kuma inda masu sayarwa biyu ne kawai farashi ba ya saurin sauka. Mai sayen Series S don arha ya kamata ya haɗa kuɗin katin a lissafinsa tun farko, ko ya nemi mai 1TB da ta fito a 2023, ko kuma ya rungumi dabarar rumbu da faifan USB. Nintendo Switch ita kuma 32GB ta zo da shi a 2017, ana ƙara mata da memori irin na waya. Switch 2 ta 2025 tana da 256GB, amma sai sabon nau'in kati mai suna microSD Express, tsohon memorinka ba zai ɗauki gem a cikinta ba.

To nawa ya isa? Ya danganta da yadda kake wasa, kuma mutum ya yi wa kansa gaskiya a nan. Mai gidan gem, wanda yaransa ƙwallo suke bugawa daga safe har dare, sai ɗan dambe da tseren mota jefi-jefi, 500GB ɗin PS4 ya ishe shi. Kuɗin ƙarin faifai gara ya sa su a hannayen gem, su ne ke mutuwa a wajensa. Abin da zai amfane shi shi ne faifan waje guda ɗaya mai lafiya da zai ajiye kwafin komai. Mai wasa a gida da ke bin dogayen wasannin labari, yana gama ɗaya ya shiga wani, na cikin PS5 da had na waje mai 2TB sun ishe shi shekaru. Wanda ya kamata ya sayi SSD na M.2 shi ne mai buga manyan wasannin intanet uku ko huɗu a lokaci guda, waɗanda ke sabuntawa kowane mako kuma ba a iya kwashe su a dawo da su kullum. Shi ma 1TB zuwa 2TB ne iyakar hankali. Na 500GB ba ya biyan wahalarsa, tunda rami ɗaya ne kuma ranar da ya cika sai dai a cire shi. Na 4TB kuwa kuɗinsa kan kusanci na wata na'urar.

Inda nake son mai karatu ya fi buɗe ido shi ne wajen saye. Na taɓa sayen memori da aka rubuta wa 512GB a wani shago, a farashin da ya kamata ya sa ni tsayawa. Waya ta nuna 512 cif. Na yi ta zuba abubuwa, komai yana shiga, sai ranar da na nemi na farko-farkon na tarar duk sun lalace. Katin ƙarami ne aka sauya masa bayanin da yake gaya wa na'ura, in ya cika sai ya koma yana rubutu a kan na baya ba tare da ya ce uffan ba. Ana yin irin wannan da filasha, ana yi da SSD na waje, inda za ka buɗe akwati mai kyalli ka tarar da ɗan memori da guntun ƙarfe da aka liƙa don ya yi nauyi. Maganinsa gwaji ne. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika faifan gaba ɗaya sannan ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta yana nan. Tana cin lokaci, don haka ka yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ka biya cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi. Had na hannu kuma, irin wanda ake cirowa daga laftof ɗin da aka shigo da su, a duba shi da CrystalDiskInfo. Za ta nuna awa nawa ya yi yana aiki da ko ya fara samun wuraren da suka mutu. In ta nuna ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, ko kyauta aka ba ka kada ka zuba masa abin da kake so.

Sai maganar wuta. Ɗauke wuta yayin da na'ura ke rubutu a faifai shi ne babban abin da ke lalata bayanai, kuma duk mai PS4 a ƙasar nan ya san baƙin allon nan da ke fitowa bayan NEPA ta yi halinta, na'urar tana duba lafiyar ajiyarta. Yawanci tana farfaɗowa, wani lokaci sai an shiga yanayin gyara an sake gina jerin bayanan, wani lokacin kuma gem guda ya tafi. Yanayin hutu da ake barin na'ura a ciki don ta ci gaba da sauke abu yana da amfani inda wuta ke tsayawa. In ba ka da inbata ko ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, kashe ta gaba ɗaya kafin ka kwanta, kuma kada ka zare faifan waje sai ka cire shi ta cikin saiti ko fitilar na'urar ta mutu. Ni a ganina wanda ke da kuɗin abu ɗaya tsakanin SSD na 2TB da UPS, ya fara da UPS.

Gem in ya lalace ana sake samun sa, ko da tsada. Ajiyar inda ka kai a wasa, ta awa tamanin ko ɗari, ba ta da kasuwa. A PS4 kana iya kwafe ta zuwa filasha duk lokacin da ka so. A PS5 Sony ta toshe wannan ga wasannin PS5: ko dai ka biya PlayStation Plus ta hau intanet, wanda a nan yana nufin sayen kati da dala ko fam, ko ka yi kwafin na'urar ta hanyar saitin adanawa zuwa faifan USB. Hanya ta biyun tana da ɗan tsawo amma kyauta ce, kuma kana iya cire wasannin daga kwafin ka bar ajiyar kaɗai don ya yi sauri.

Ƙanin nawa da farko SSD na 2TB ya ƙwallafa rai a kai, har ya fara tara kuɗi. Da muka zauna muka duba jerin nasa, uku daga cikin takwas ɗin na PS4 ne, biyu kuma ya gama su tun tuni, tsoron sake saukewa ne kawai ya hana shi gogewa. Muka sayi had na waje mai 2TB, muka kwana muna gwada shi a laftof, washegari muka kwashe biyar ɗin zuwa kansa. Sama da 300GB suka buɗe a cikin na'urar, sabuntawar ƙwallon ta shiga, ragowar kuɗin kuma ya haɗa ya sayi UPS.